Farin Dutsen da ke Ƙarƙashin Gonarmu

Sana'ata a wancan lokaci ita ce saye da sayar da jips. Wanda bai zauna wajen Malbaza ba zai ce mene ne kuma wannan. Wani farin dutse ne mai ƙyalli, wani lokaci kamar fasasshen gilashi, wani lokaci kamar dunƙulen gishiri, mai laushi har farce yana karce shi. Masu yin siminti suna zuba shi kaɗan a cikin niƙa don kada simintin ya sandare tun magini bai gama kwaɓa shi ba. Mata da tsofaffi ne ke tono shi a gefen tuddai, tun daga wajen Badagishiri har gangarowa nan, su tara tsibi-tsibi, ni kuma in bi da kamiyo, babbar motar kaya, in kwashe. Wani in kai masana'antar siminti, wani ya tsallaka iyaka ta Konni. Ban yi lakwal ba, wato makarantar boko. Da jaki guda da mangala na fara, kuma duk abin da na sani game da dutse, da farce da harshe na san shi.

A shekarun da suka biyo bayan faɗuwar darajar kuɗin sefa, wani furoje, wato aikin masu bincike, ya zo yankinmu yana neman sanin abin da ke ƙarƙashin ƙasa. Ni na samu kai musu gazuwal, man da injinsu ke sha, shi ya sa nake shiga sansaninsu ba mai tambayata. Injin haƙarsu ba irin na furaj ba ne, mai haƙar rijiyar burtsatse, wanda ke niƙe ƙasa ya watso ta waje. Bakin wannan rami ne a ciki kamar bututu. Yana juyawa yana yanko ƙasar, ya fito da ita a dunƙule, doguwa, mulmulalliya, kaurin taɓarya. Sai su jera guntayen a cikin akwatunan katako masu kwari-kwari, na sama a farko, na ƙasa a ƙarshe, ba a yarda ko ɗaya ya canza wuri ba. Nakan sauke durom ɗin gazuwal in tsaya ina kallo har direbana ya gaji da danna oda. Ashe ƙasar da muke takawa hawa-hawa take, kamar tabarmi da aka jibge: ja, sannan ruwan ƙasa, sannan toka-toka, sannan wani mai 'yan ƙananan kwanson dodon-koɗi a ciki, a wurin da ruwa bai taɓa kwana ba tun kakanninmu.

Ɗaya daga cikin ramukan nan a bakin gonarmu ta gado aka haƙa shi, a Dogarawa. Tun rasuwar mahaifinmu ba mu raba gonar ba. Yayana ke noma ta, ni in aika da iri da abincin 'yan gayya, kuma daga rumbunta gidanmu duka ke ci, har tsohuwarmu. Yaya mutum ne mai sanyi, bai taɓa sayar da ko akuya da kansa ba sai ya aiko a kira ni. To, shi ne wata safiya ya sauko daga motar kasuwa a ƙofar shagona, rawani a kwance a hannu, an naɗe wani abu a ciki.

"Ƙane, zamna ka ga wanga," in ji shi. Ya warware rawanin. Guntun dutsen nan ne na masu haƙa, tsawon tafin hannu, fari tas, da wani siririn zare mai ƙyalli a gefe guda. Mai tuƙa injin ne ya ba shi, don ganin gonarsa ce.

"Shekara nawa kana bin tuddan mutane kana sayen abin da ka kwana bisa gare shi tun kana jinjiri?"

Na karce shi da farce, ya karcu. Na taɓa shi da harshe, sai na ji ya ɗan kama mini harshen, kamar sabon tulu. Jips ba ya kama harshe. Na sake karcewa, na sake lasa. Farce ya ce shi ne, harshe ya ce a'a. Ban taɓa samun su sun saɓa haka ba.

"Yaya, ban gane shi ba."

"Kai ba ka gane shi ba? To ni na gane shi. Mai injin ya ce farin nan ya fi gaba guda kauri."

Sai ya gaya mini sauran. Ya riga ya yi magana da wasu masu haƙar rijiya daga Illela. Bana ba za a shuka rabin gonar na ƙasa ba, za a buɗe ramuka a sauka wa farin. Rabin ƙasan nan kuwa shi ne zuciyar gonar, inda Fulani ke kwantar mana da shanu kowane rani. Ni na san abin da ramin jips ke yi wa wuri, don a cikinsu nake yini. Da zarar an kifa ƙasar sama an ɗora mata ta ƙasa, ko ƙarangiya ba ta sake fitowa. In farin nan jips ne mai kauri haka, to asarar gonar ba asara ba ce. In ba shi ba ne, mun kashe gona a banza. Ga damina ta ƙarato. Kuma shi ne babba, ba ni da bakin hana shi. Abin da na iya roƙo kawai, ya dakata har Madam ta gani.

Madam ita ce mai ilimin duwatsu ta furojen, wata Bazabarma doguwa da ta zo daga Yamai, kullum da hular kaba a kan ɗankwali da ƙaramar guduma a ƙugu. Hausarta ta iya kai ta ko'ina, sai dai takan mai da namiji mace, mace namiji. Ranar da ta ji cewa tsohuwarmu Bagobira ce, shi ke nan na shiga uku, don tsakanin Zabarmawa da Gobirawa akwai wasan taubasai.

"Ashe bawana ne ke kawo mini gazuwal ban sani ba? Daga yau kyauta ne."

"Ranki ya daɗe, yaushe aka fara ɗora bayi bisa kujera har suna ba da oda?" na ce. Tun daga nan muka saba.

Da na kai mata maganar gonar, ta ce ita ma farin nan ya tsaya mata a rai. Ta ɗiga masa ruwan asid, ya yi 'yar kumfa, abin da ke nuna akwai farar ƙasa a ciki, amma kumfar ba ta kai ta tsantsar farar ƙasa ba, kuma asid ba ya faɗin mene ne sauran. A da, sai an aika guntu can ƙasar waje, a jira amsa har a manta. Amma an yi sa'a, in ji ta, furojen ya aro wata na'ura da za ta zo ta yi 'yan kwanaki.

Da na'urar ta iso, na je kai gazuwal da ba su ma nema ba. An ajiye ta a kan tebur a cikin rumfar da ake tara akwatunan. Na zaci zan ga wani abu mai girman injin niƙa. Ashe ba ta fi akwatin rediyo ba, da wata 'yar taga a goshinta da ba ta kai faɗin dala ba, da igiya da ta haɗa ta da wata ƙaramar kwamfuta. Madam ta ɗauki guntun dutse ta manna shi a tagar, ta danna wani wuri. Na'urar ta yi 'yar ƙara a cikinta kamar ƙwaro a cikin gora. Kafin a sha kofin shayi, wani layi ya fito a fuskar kwamfutar, yana tafiya daga hagu zuwa dama, yana faɗawa rami nan, ya hau, ya sake faɗawa can.

"Laka ce, irin ta masu ginin tukwane," ta ce, ta ɗauki na gaba.

"Tsaya, tsaya. Wa ya gaya miki?"

"Haske."

"Ban ga haske ba."

"Ba za ki gan shi ba," in ji ta, ta mai da ni mace kamar kullum. Ta nuna murhun mai shayi a ƙofar rumfa, inda gawayi ya riga ya yi toka a sama. Ta ce in kai tafin hannuna kusa. Ta ce me na ji? Na ce zafi. Ta ce na ga wuta? Na ce a'a. Ta ce to dangin wannan ne. Idan bakan gizo ya fito, ja ne a gefe, to bayan jan nan akwai sauran launuka da Allah bai ba idonmu ba. Nasara suna ce musu anfararuj. Na'urar tana haska dutse da su ɗaya bayan ɗaya, kamar mai jera wa baƙo akusa. Kowane irin dutse yana da waɗanda yake shanyewa da waɗanda yake mayarwa. Inda ya shanye, nan ne layin ke faɗawa rami.

Na ce, "Wato dutse ma yana da abin da yake ci da abin da ba ya ci."

"Kamar Bagobiri. Sai dai shi Bagobiri babu abin da ba ya ci."

Na koma shago na kasa zama. Bayan azahar na dawo da aljihu cike. Na kawo jips ɗina na Badagishiri wanda ba ni da shakka a kansa, da kanwa, da gishiri, da tsingaron tulu, da allin makaranta. Ta yi dariya har ta cire hula, amma ta gwada su duka. Gishiri bai ce kusan komai ba, layinsa ya wuce a miƙe kamar hanyar kwalta, kuma ta ce haka yashi ma yake, akwai duwatsun da na'urar ba ta jin maganarsu. Wannan ya ƙara mini yarda da ita, don duk wanda ya ce mini kayansa suna maganin komai ba na saye. Da ta manna jips ɗina kuwa, sai ga ramuka uku a jere kusa da juna, na farko ya fi zurfi, na biyu ya bi shi, na uku ƙarami, sannan wani shi kaɗai can gaba, sannan wani babba. Ta sake manna wani guntun jips ɗin, mai launin zuma, wanda a ido bai yi kama da na farko ba. Ramukan nan uku suka sake fitowa a wurinsu, ba su gusa ba.

Na daɗe ina kallo. Abin da ya zo mini shi ne fuskar tsohuwarmu. A kasuwar Konni, mace za ta wuce ba ka san ta ba, ba ta ce uffan ba, amma tsagar kumatunta ta riga ta gaya maka garinsu da gidansu. Ko ta yi fari ko ta yi baƙi, ko ta tsufa, tsagar tana nan. Na gaya wa Madam haka. Ta ce a makaranta an ba su misalai da yawa, amma wannan zai fi saurin shiga kan mutane, za ta ara ba za ta mayar ba.

Na tambaye ta me ya sa ramukan jips suka zama uku. Ta ce ruwa ne. Na ce jips ɗina busasshe ne, ya yi rani biyu a fili. Ta ce ba ruwan da ke jiƙa hannu ba, wani ruwa ne da aka gina dutsen da shi tun asali, yana zaune a cikinsa daram, kuma yadda yake zaune a jips daban ne da yadda yake zaune a laka. Shekara da shekaru ina loda wa kamiyo ruwa ban sani ba.

Na aika wa Yaya ya zo da guntunsa washegari.

A wajenmu ba a kai kaya gaban mai dubawa da ƙura. Rago in za shi kasuwar layya sai an wanke shi da sabulu. Mai tumatir yana yayyafa masa ruwa, mai goro ma haka, mai sayar da akushi kuwa sai ya shafe shi da mai har ka ga fuskarka. Wannan ba ha'inci ba ne, girmama mai saye ne da girmama kayan. Saboda haka da Yaya ya gaya wa matarsa gobe za a duba dutsen, ita ta san abin yi. Ta wanke shi tas da ruwan sabulu, ya bushe, ta ga ya yi furu-furu ba kyan gani, sai ta lakaci man gyaɗa ta murje shi. Da Yaya ya warware rawaninsa a ƙofar rumfa, dutsen yana sheƙi kamar goshin amarya. Ni kaina na ce madalla, don da ni ne ma haka zan yi.

Yaya ya sa babbar rigarsa ta Juma'a. Ya gaida Madam da hannu biyu a ƙirji, ya miƙa mata. Ta manna a taga, ƙwaron ya yi kukansa. Layin da ya fito ban ga irinsa ba a jiya: ramuka a inda ban san su ba, wasu sun hau kan wasu. Madam ta matso da fuskarta. Ta juya dutsen ta sake mannawa. Ta duba igiyar. Ta gwada jips ɗina na jiya, ramuka uku suka fito lafiya lau. Ta sake ɗaukar na Yaya, ta tsaya tana jujjuya shi, sai ta dubi yatsunta. Ta kai dutsen hanci.

"Malam, wannan daga gona ta fito ko daga kaskon ƙuli-ƙuli?"

Yaya ya dube ni. Na dubi rufin rumfa.

"An ɗan gyara shi ne," in ji Yaya. "Ba a kawo wa manya abu hakanan."

Ta zauna a kan akwati tana dariya har hawaye, tana cewa Gobirawa sun kashe ta, sun kawo mata dutse da miya. Da ta natsu ta bayyana mana. Hasken ba ya shiga can ciki, fatar dutsen kawai yake taɓawa. Duk abin da ya tarar a fatar, shi zai karanta. Mai ma yana da tasa tsagar, kuma ita ce ta rufe ta dutsen. Ga shi wannan farin mai shan abu ne, man ya riga ya nutse.

Yaya bai ji daɗi ba, amma bai nuna ba sai a yadda ya naɗe rawanin a hankali. "Injin da man gyaɗa ka ruɗawa," ya ce mini ƙasa-ƙasa, "shi za ya gaya mini abin da ke gonar ubana?"

Madam ta ji. Ta ce ai ba a rasa komai ba, sauran ramin duka yana nan. Ta sa aka jawo akwatunan gonarmu daga ƙarƙashin tamfol. Su ne na ƙarshe da aka haƙa, kuma da yake da ruwa injin ke yanka, an rufe su tun ba su sha iska ba, guntayen duk da danshi. Ta taɓa ta girgiza kai. Ruwan waje ma yana rufe tsaga kamar mai, sai sun bushe.

"Wanga mai sauƙi na," in ji Yaya. Ya riga ya juya wajen mai shayi. "A ba mu kasko da gawayi, yanzu in soya miki su."

Ban taɓa ganin Madam ta yi sauri kamar ranar ba. Ta sha gabansa da hannu biyu a buɗe. Ta ce in akwai jips a ciki, wuta za ta kore ruwan nan na asali, ya koma garin da likita ke ɗaure karaya da shi, ramukan su sauya, mu rasa abin da muka zo nema. Rana kaɗai aka yarda da ita.

Haka muka fitar da akwatunan muka jera a fili, ni da Yaya da rigarsa ta Juma'a, muna shanyar duwatsu kamar masu shanyar kuɓewa. Yana zaune a inuwar kamiyona, ido ɗaya a kan akwatunan, ɗaya a gabas, inda hadari ya fara tattaruwa yana watsewa. Masu haƙar Illela suna jiran saƙonsa. Maƙwabtan gona sun riga sun fitar da iri. In ruwa ya sauka bai yanke shawara ba, zai rasa shukar fari, kuma a ƙasarmu wanda ya rasa ta ya san abin da ya rasa. Bai koma Dogarawa ba, a wajena ya kwana.

Da hantsi ya ɗaga washegari, Madam ta fasa wani guntu da gudumarta, ta ga cikinsa ya bushe, ta ce mu shigo. Ta fara tun daga sama, tana bin akwatin taki-taki. Jar ƙasa, laka. Ta ruwan toka, laka. Ni ina tsaye a bayanta ina neman ramukana uku, don yanzu na san fuskarsu. Da muka kai wajen gaba biyar, farin ya fara. Ta manna. Rami babba guda, wani can, wani can gaba. Ba uku a jere. Ta matsa gaba, haka. Ta matsa, haka. Tun kafin ta buɗe baki na riga na sani, kuma na ji Yaya ya dube ni ya karanta a fuskata.

"Laka ce fara, gauraye da farar ƙasa," ta ce. "Kuma irin lakar nan ce mai shan ruwa ta kumbura. In ta bushe, dutse. In ta jiƙa, sabulu."

"To zaren nan mai ƙyalli fa?" in ji Yaya.

Ta nemo shi a cikin akwati, ta daidaita shi a kan tagar da kyau don siriri ne. Ramuka uku suka fito, tsaf, kamar na Badagishiri.

"Ga shi nan!" Yaya ya buga cinya. "Ban ce ba?"

"Shi ne," ta ce. Ta ɗora yatsunta biyu a kan zaren, suka rufe shi. Ta bi sauran farin har ƙarshensa, ta sami wani zaren da bai kai na farko ba. Shi ke nan.

Yaya ya ce, "To Madam, a haƙa ko kar a haƙa?"

"Ni sunan dutse na sani, Malam. Kuma rami guda na gani, faɗin taɓarya. Abin da ke taku kaɗan daga nan ban gan shi ba. Maganar haƙa, ga bawana nan, ita ce 'yar kasuwa."

Muka fita bayan rumfa mu biyu. Na gaya masa yadda nake gani, ba ƙari ba ragi. Inda nake saye, jips yana kusa da sama, mace da 'yar sanda mai ƙarfe tana fitar da shi. Nan sai an sauka gaba biyar kafin a taɓa yatsa biyu. Ƙasar da za a kwashe a zubar a kan gona ta fi abin da za a samu nesa ba kusa ba. Kuma wanda zai sauka ramin, bangon da ke kansa lakar nan ce da ke zama sabulu in ta ji ruwa, ga damina a ƙofa. Na ce da wani ne ya kawo mini wannan cinikin, ko shayinsa ba zan sha ba.

Ya daɗe yana tona ƙasa da yatsan ƙafa.

"Da bakinka ka ce ba ka gane shi ba," ya ce.

"Ban gane shi ba."

"Yanzu kuma ka gane."

"An nuna mini."

Ya yi tsaki, ba da ni ba, ba da kowa ba. Sannan ya ce mutanen Illela ni zan je in sallame su, don ni na iya magana da wanda aka sa wa rai. Na ce na ji.

Na koma cikin rumfa don in yi godiya, na tarar Madam ta riga ta shiga akwatunan wani ramin. Na tsaya a bayanta har la'asar. Ina ƙoƙarin in faɗi sunan dutsen a zuciyata kafin ta faɗa. Laka da jips na riƙa cinkarsu, sauran kuwa suka riƙa kayar da ni. Akwai wata laka mai ramuka biyu manne da juna kamar tagwaye, ita ce ta tukwane. Akwai wata baƙar ƙasa da ta shanye hasken duka ba ta mayar da komai ba, Madam ta ce wannan sai dai a aika da ita. Ba a daɗe ba aka zo aka ɗauke na'urar, ban sake ganin irinta ba. Har yau in na ga bakan gizo nakan tsaya in dubi gefen jan, wurin da babu komai.

Ruwan shuka ya sauka a cikin makon. Yaya ya aiko cewa tunda ni na hana haƙa, sai in zo in yi shuka da hannuna, ba aike ba. Na je. Shi yana gaba da sungumi yana sara, ni ina baya da ƙwaryar iri ina zubawa ina rufewa da diddige, abin da rabona da shi tun ina saurayi. Bayana ya fara ciwo tun ba mu gama layi uku ba.

"Kai, rage hannu!" ya ce ba tare da ya waiwayo ba. "Ɗan kasuwa da zuba iri kamar na gwamnati?"

Muka gangara rabin ƙasa, inda takin shanu ya yi baƙi a cikin damshi. A bakin gonar masu haƙa sun toshe raminsu da siminti, ɗan fili kamar faifai. Yaya ya tsaya a kansa, ya dogara da sungumi.

"Rami guda suka haƙa fa."

"Guda ne."

"Can gabas, wajen gawon nan, ba su taɓa ba."

 Ya dubi gawon, ya dubi sama, inda wani hadarin ke haɗuwa. Sai ya tofa yawu a tafin hannu, ya ɗaga sungumi, ya nufi gabas yana sara. Na gyara riƙon ƙwarya na bi shi.